Mutumin da Ake Kira Jama'a

Litinin, 3 ga Oktoba, 2005, sha ɗaya na safe

Wata lauya ta bugo mini waya ina tsaka da gasa tattasan da za mu ajiye wa hunturu. Dubravka sunanta, daga kamfanin da zai fitar da tsofaffin shirye-shiryen gidan talabijin a faifan DVD. Ta tambaya ko ni ce Zagorka da ta yi aikin zaɓen kiɗa a wasan "Aski Sai Laraba". Na ce in dai ba a samo wata ba, ni ce. Shekara ashirin da bakwai ke nan da muka yi wasan barkwancin nan, kashi ashirin da shida, duk a shagon aski ɗaya, kuma tun da na yi ritaya ba wanda ya neme ni a kansa.

Abin da take so ƙarami ne, in ji ta. Izinin da masu kiɗa suka bayar a da na nunawa a talabijin ne kawai, yanzu da za a sayar da faifai dole a sake bin kowa. Sun bi takardun kiɗan da na buga da keken rubutu a 1978, sun gama da kowa, saura ɗaya: kiɗan rufewa, inda Toza mai aski yake share gashi yana fito, harmonika, kayan kiɗan nan da ake ja ana matsewa, ta karɓe daga bakinsa. A gurbin sunan wanda ya ƙago kiɗan na rubuta narodna. Wato na jama'a, na gargajiya, marar uba, irin wanda ba a neman izinin kowa a kansa. In sa hannu a takardar shaida cewa haka ne, shi ke nan.

Na ce zan duba. Ta yi dariya ta ce, "Me za ki duba, Madam? Ai 'yan firamare ma sun san na gargajiya ne."

Tattasai huɗu suka ƙone. Ƙanwata Desa, wadda muke zaune tare tun da mazajenmu suka rasu, ta leƙo kicin ta ce, "Yaya, in saurayi ne ya kira, ki ce masa ya zo ya ɓare wanda kika ƙona."

Talata, 4 ga Oktoba, huɗu na yamma

An kawo takardar. Ban sa hannu ba. Na wanke labulen falo.

Alhamis, 6 ga Oktoba, uku na rana

Na je ofishinsu, don ina so in ga yadda ake cusa wasan da muka ɗauka a manyan faya-fayan tef cikin abin da bai fi murfin kwalba faɗi ba. Dubravka doguwa ce, ta kai arba'in, tana magana tana cin alawar daina shan taba. Kafin mu zauna ta koma kirana Gwaggo Zaga.

Ta nuna mini kashi na tara, inda rediyon shagon yake sa wata waƙar Italiya, Toza ya ɗauki tsintsiya yana rawa da ita. Masu waƙar sun ƙi ba da izini, sai aka cire ta aka sa wani kiɗan na'ura. Na kalla sau uku. Ƙafar Toza tana sauka inda babu kiɗa, kiɗan yana bugawa inda babu ƙafa, mutanen ɗakin ɗaukar hoto kuma suna ta dariya a kan abin da ba ya nan. Ban taɓa sanin rabin barkwancin wurin a cikin waƙar yake ba sai yau.

Na tambaye ta, a matsayin misali kawai, yaya za a yi da a ce kiɗan rufewa yana da mai shi.

"Da mun shiga uku," ta ce. "Shi ba ya ciruwa. Fiton, da harmonikar, da ƙarar tsintsiya, da tafin mutane, duk a layi ɗaya kuka ɗauka. In babu izini sai dai a datse ƙarshen kowane kashi, a sa baƙin allo da sunaye. Ranar ashirin da takwas ake kai wa masu buga faifai, ko da shi ko babu shi."

Sai ta jawo wani littafi mai kauri na wani farfesa, ta buɗe shafin da ta lanƙwasa. Ga kiɗan an rubuta shi da alamomin kiɗa, a ƙasa an ce na makiyayan tumaki ne, ya haura shekara ɗari biyu, an tattaro shi daga bakin wata tsohuwa a 1986. Na karanta har sau biyu. Ina son in ga tsohuwar nan da idona.

Asabar, 8 ga Oktoba, sha biyu na rana

Na fara ƙirga inda nake jin sa. A bas, wayar wani mutum ta yi ƙara da shi. A gaban coci, ayarin biki ya fito da shi, an ma sa masa baitoci a kan wata yarinya da bishiyar goro, abin da ba mu taɓa yi ba. A kasuwa na tsaya wurin mai cuku, na yi mata fiton a hankali na ce ko ta san asalinsa.

"Haba, 'yar'uwa," ta ce, "kakata ce ta rene ni da shi."

Na tambayi shekarar da kakar ta rasu. Ta ce 1971. Ba ƙarya take yi ba, na kalli idonta. Tana jin muryar kakarta tana rera abin da ba a ƙago ba sai bayan shekara bakwai da binne ta. Wannan abu ya tsaya mini a rai har na manta cukun a kan teburinta.

Litinin, 10 ga Oktoba, tara na safe

Bari in rubuta sau ɗaya.

Sunansa Stanimir Gavrić, daga Lapovo, inda layin jirgin ƙasa yake rabuwa. Mai gyaran birki ne a tasha, ranar Asabar kuma yana kiɗa a kafana, gidan shan gahawar da ke kallon tashar, inda maza ke zama da gahawa da barasar da ake kira rakiya. Jirginmu ya lalace a can muna dawowa daga ɗaukar hoto, muka shiga mu jira. Gajere ne, harmonikar ta kusa rufe shi, yana ja yana matse ta kamar zuga-zugi. Ya yi wani ɗan kiɗa da ban taɓa ji ba, ni da aikina ke nan. Na tambaye shi na wane yanki ne. Ya ce na yankin kansa ne, makon jiya ya fito masa yana ƙarƙashin tarago.

Na kawo shi Belgrade wata ranar Alhamis. Ya koya wa Toza fiton a cikin minti goma, muka ɗauka sau biyu, na raka shi tasha. Ranar Juma'a na buga sunansa a takarda na kai wa shugaban sashenmu, Kwamared Ratomir, Allah ya ji ƙansa in zai yiwu. Ya ce ina lambar rajistarsa ta ƙungiyar mawaƙa. Na ce ba shi da ita, bai ma iya karanta alamomin kiɗa ba. Ya ce yin rajista mako uku ne, wasa kuma Laraba zai fara.

"Rubuta narodna, Kwamared Zagorka. Mai birki ba jama'a ba ne? Kya gyara ranar Litinin."

Haka kowa yake yi a lokacin. Duk kiɗan da ya fito daga kafana, ko daga bakin wanda ba shi da takarda, narodna ake buga masa a wuce wurin. Na zare takardar na sa sabuwa. Na yi niyyar gyarawa ranar Litinin, wallahi na yi.

Ban sake ganinsa ba.

Wannan layin na ƙarshe ba daidai yake ba, amma bari in bar shi haka.

Laraba, 12 ga Oktoba, biyar na yamma

Na je duba Toza a gidan kula da tsofaffi. Svetozar ne sunansa na yanka, amma ko likitoci Toza suke ce masa. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara, bakinsa ya karkace, maganarsa sai an kasa kunne. Shaƙiyancin dai yana nan.

"Ga yarinyar kiɗa," ya ce. "Kin tsufa, Zaga. Ni ne kawai ban canja ba."

Ya san da zancen faifan, har ya sa an saya masa injin kallo yana ajiye a kwali a ƙarƙashin gado. Ya tura leɓe ya gwada fito, iska ce kawai ta fita da ɗan yawu. Na goge masa. Ya ce shekara ɗaya ke nan yana gwadawa kullum da safe. Ba wasan yake son gani ba, ya haddace shi. Ƙarshen yake so, ya ji kansa yana fito.

Na tambaye shi ko yana tuna wanda ya koya masa.

"Gajeren nan mai warin man jirgi? Ina tunawa mana." Ya yi mini wani kallo da idonsa mai lafiya. "Ke dai sa hannu, yarinya. Shi bai sani ba, ni kuwa ina nan ina jira."

Na ji haushinsa, kuma na ji tausayinsa, har na rasa wanda ya fi.

Alhamis, 13 ga Oktoba, goma na safe

Ban sa hannu ba. Dubravka ta kira sau biyu, na sa Desa ta ce na fita.

Desa ta ajiye wayar ta ce, "Yaya, ni fa ba maigadinki ba ce." Ba ta san abin da ta taɓo ba. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Asabar, 15 ga Oktoba, biyu na rana

Na sake wanke labulen falo.

Litinin, 17 ga Oktoba, ɗaya na rana

Na faɗa wa Dubravka. Na je da biro a jaka da niyyar in sa hannu in huta, sai na ji bakina yana ambaton sunan mutumin. Ta cire alawar daga bakinta ta nannaɗe a takarda.

"Gwaggo Zaga, me na yi miki? Da kin yi shiru kin sa hannu, ni da ke da Allah ne. Yanzu na ji, kuma ni lauya ce, ba zan iya mayar da shi cikin bakinki ba."

Na ce to a buga sunansa kawai. Ta ce ba haka ake yi ba. Tunda kiɗa ya samu uba, sai uban ya yarda a rubuce, ko magadansa. Kwana goma sha ɗaya suka rage. In ba a samu kowa ba, ko an samu ya ƙi, za a datse. Ta tambaye ni littafin farfesa fa. Na ce farfesa ya tattaro daga tsohuwa, tsohuwa ta tattaro daga talabijin, talabijin ya tattaro daga wurina. Ta yi dariyar da ba ta so yi ba, sannan ta dafa goshi.

Da na fito sai na ga ashe yau Litinin ce.

Laraba, 19 ga Oktoba, sha ɗaya na safe

Kwana biyu ina buga wayar duk mai suna Gavrić a Lapovo. Su tara ne. Na bakwai wani tsoho ne mai ƙarfin murya.

"Wane Stanimir? Mai birki? Au, Jama'a kike nufi! Ai Jama'a ya rasu tun 1996."

Na ce me ya sa ake ce masa haka. Ya yi dariya har da tari. Ya ce duk ranar Laraba in wasan ya ƙare, sunaye suka hau allo, aka rubuta "kiɗa: na jama'a", sai mutumin ya miƙe a kafana ya buga ƙirji ya ce, ni ne jama'ar. Shi ke nan suna ya bi shi. Mutumin kirki ne, in ji tsohon, ƙaryar nan ɗaya ce kawai aibinsa, kuma da ita ya mutu. Yana da 'ya ɗaya, Rosanda, tana aiki a kantin magani. Ya ba ni lambar.

Ban taɓa tunanin wannan ba. Shekara da shekaru na ɗauka abin da na hana shi suna ne a allo. Ashe wani sunan na ba shi.

Alhamis, 20 ga Oktoba, shida na yamma

Na faɗa wa Desa komai. Ba ta yi barkwanci ba, karo na farko a rayuwarta. Ta goge mini baƙar rigata.

Asabar, 22 ga Oktoba, biyar na yamma, masaukin baƙi a Lapovo

Rosanda ta kusa arba'in, gajera kamar ubanta. Ta ji daga talabijin nake, ta karɓe ni a gidanta da fara'a, ta kawo tire da slatko, cokali ɗaya na 'ya'yan itace da aka dafa da sukari, da kofin ruwan sanyi, yadda ake yi wa baƙo. Kafin in ce komai ta fara ba ni haƙuri.

"In a kan zancen Baba ne, Madam, don Allah kada ku ɗauke shi da zafi. Ya rubuta muku wasiƙu, na sani, mun hana shi bai ji ba. Tsufa ne da son a san da shi."

Na ajiye cokalin. Na ce mata shi ya ƙago kiɗan, a gabana ya koya wa Toza, ni na buga sunansa kuma ni na cire. Na faɗi ranar, na faɗi ɗakin da muka ɗauka.

Sai ta fara magana, ba da ni ba sosai. A makaranta 'yar Jama'a ake kiranta. Tana da shekara ashirin da ɗaya ta ce masa a gaban baƙi ya daina ba su kunya. Ranar aurenta makaɗa suka sa kiɗan, ya miƙe zai yi magana, mahaifiyarta ta ja shi ya zauna. A asibiti, kwana biyu kafin ya cika, ya tambaye ta ko ta yarda. Ta ce, na yarda, Baba, da irin muryar da ake yi wa marar lafiya. Ya juya fuska bango.

"Akwai wata rana a bazarar 1979," ta ce, "da ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci ya hau jirgi zuwa Belgrade. Ya ce akwai wata mata da ta sani, ita za ta faɗa. Ya dawo ya ce maigadi ya ce matar ta yi tafiya. Ke ce?"

Na ce ni ce.

"Kin yi tafiyar?"

Na ce a'a. Ina hawa na biyu, a bakin taga. Na gan shi ya cire hula yana magana da maigadi, ya tsaya kusan awa ɗaya a gefen titi. A lokacin wasan ya yi suna, an ba sashenmu lambar yabo, na ji tsoron in ce takardata ƙarya ce. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, ko wannan littafin nawa.

Ta tashi ta ɗauke tiren, da ruwan da ban sha ba. Na fito da takardar izini na yi mata bayanin Toza, da datsewar, da ranar ashirin da takwas. Na ji kunyar kaina ina yi, amma na yi.

"Ni ba ruwana da mai askinku," ta ce. "Gobe bayan coci ki zo kafana. Suna nan, waɗanda suka rage. Ki faɗa musu abin da kika faɗa mini, da tagar da komai. Sannan in ga ko hannuna zai iya riƙe biro."

Lahadi, 23 ga Oktoba, huɗu na yamma, cikin jirgi

Su shida ne, tsofaffi, a tebur biyu da aka haɗa, da karta a gabansu. Rosanda ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a hannu. Mai kafanar ya kashe rediyo da ta roƙe shi.

Na tsaya a tsakiyar ɗaki kamar 'yar makaranta na faɗi sunana da aikina. Na ba da labarin tun daga lalacewar jirgi. Ban kai rabi ba wani mai gashin baki ya ce, "To, ga matar Jama'a ta iso." Suka kwashe da dariya. Wani ya ce ai abin yana cikin littafi, shekara ɗari biyu, jikarsa ta karanta musu. Wani ya ce uwarsa tana rera shi tun yana goye.

Na ci gaba. Na faɗa musu yadda ya zo Belgrade da harmonikar a cikin buhun fulawa don ba shi da akwatinta. Na faɗa musu yatsansa na tsakiya na dama guntu ne, birki ya cinye, shi ya sa kiɗan yake yin ɗan tsalle a wuri na uku, don ba ya kai wa maɓallin, kuma har yau duk makaɗin ƙasar nan yana yin tsallen nan bai san dalili ba. A nan dariyar ta tsaya. Sun san buhun, sun san yatsan. Ɗaya daga cikinsu ya motsa yatsunsa a kan tebur yana bin kiɗan a ransa, ya kai wurin, ya tsaya.

Sannan na faɗi zancen taga.

Ba wanda ya zage ni, da ma sun yi. Mai gashin bakin ya tattara kartarsa ya kife. Ya ce shi ya fara sa masa sunan, a teburin can na kusa da murhu, kuma shi ya ɗauki gaban akwatin gawarsa, har a bakin kabari sai da ya ce, sai wata rana, Jama'a. Ya dubi Rosanda, ya dube ni, ya dubi sauran.

"To yanzu wa za mu ba haƙuri?"

Rosanda ta taho ta ture kofunan gefe, ta shimfiɗa takardar a kan teburinsu. Ta sa hannu, sannan a layin da aka bari don sunan mai kiɗa ta rubuta Stanimir Gavrić da manyan baƙaƙe, a hankali, su shida suna kallon biron. Ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba, ta ce jirgina ƙarfe uku da kwata ne, kada in makara.